Gidan Howard masu sarautar Norfolk: jarumai ne ko 'yan a bi yarima a sha kiɗa?

Abban Sadiya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na sake kallon naɗin Sarki Charles na ranar 6 ga Mayun 2023, sai idona ya tsaya kan wani dattijo riƙe da sandar zinare mai baƙin baki. Mai sharhi ya ce shi ne Duke na Norfolk, wato mai wata babbar sarautar gado a Ingila, wai shi ya tsara bikin gaba ɗaya, kuma shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth ranar 19 ga Satumban 2022. Wai ma gadon aikin ya yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce ɗan Katolika ne, alhali dokar Ingila ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta. To yaya aka yi mutumin da ba cocinsu ɗaya da sarki ba ya zama shi ne mai naɗa sarki? Malam Tanko, na san wannan fagenka ne.

Sarkin Gardama:
Kafin Malam ya iso bari in gyara maka abu guda. Ba shi ke naɗa sarki ba. Babban limamin cocin Canterbury ne ke ɗora kambi. Shi wannan aikinsa ya ce wane zai shiga gaba, wane zai zauna a ina, doki nawa, ƙarfe nawa. Kada ka ɗauka kamar Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne a Kano, waɗanda ke zama su zaɓi sarki. A can babu zaɓe, babban ɗa kawai ake jira. Shi dai uban biki ne, amma uban bikin da ya gaji kujerarsa.

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. Sarkin Gardama ya faɗi daidai, yau da gaskiya ya fara. Sunan muƙamin Earl Marshal, kuma Sarki Charles na Biyu ne ya mayar da shi gadon gidan Howard a 1672. Wanda ka gani shi ne Edward Fitzalan-Howard, Duke na 18, an haife shi a 1956, ya gaji mahaifinsa a 2002.

Amma asalin gidan ba wani babban asali ba ne. Kakansu na farko da aka sani sosai alƙali ne, William Howard, mutumin yankin Norfolk, ya rasu a 1308. Masu rufin asiri ne na karkara, ba 'yan sarauta ba. Abin da ya ɗaga su aure ne. Wani jikan gidan, Robert Howard, ya auri Margaret 'yar Thomas Mowbray, wanda shi ne Duke na Norfolk a tsohon gida. Su kuwa Mowbray jininsu ya tuƙe ga Sarki Edward na Ɗaya ta wajen ɗansa Thomas na Brotherton. Ɗan da Margaret ta haifa shi ne John Howard.

Da Duke na ƙarshe a gidan Mowbray ya mutu a 1476, 'ya mace ɗaya tal ya bari, Anne. Sarki Edward na Huɗu ya ga dukiya za ta fita daga hannu, sai ya aurar da ita ga ƙaramin ɗansa Richard a 1478, ita tana da shekara biyar, shi huɗu. Yarinyar ta rasu a 1481, amma aka yi dokar da ta bar wa ɗan sarki gadon. John Howard, wanda yake ganin da haƙƙinsa a ciki, ya haɗiye. Da Edward ya mutu a 1483 ƙaninsa Richard na Uku ya karɓe mulki, ya kulle 'ya'yan yayansa biyu a Hasumiyar Landan, kwana biyu kacal da hawansa, ranar 28 ga Yuni, ya naɗa John Howard Duke na Norfolk. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu da ke kulle shi ne mai riƙe da sarautar kafin nan. Ba a sake ganin su ba.

Maman Ikram:
Inna lillahi. Wato Malam, tun ranar farko da kukan marayu aka kafa gidan?

Malam Tanko:
Hajiya, ba zan ce da hannunsa a ɓatan yaran ba, don babu wanda ya tabbatar da haka. Abin da ke fili shi ne ya amfana. Kuma ya biya kuɗin amfanin, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shekara biyu bayan nan, ranar 22 ga Agustan 1485, ya jagoranci sahun gaba na rundunar Richard a yaƙin Bosworth, aka kashe shi tare da ubangidansa. Ɗansa Thomas ya ji rauni, sabon sarki Henry na Bakwai ya ƙwace sarautar ya jefa shi kurkuku.

Wannan Thomas ɗin shi ne mutumin da ya fi burge ni a gidan. Ya yi fiye da shekara uku a tsare, aka sake shi a 1489, ya shiga yi wa wanda ya kashe ubansa hidima ba tare da ha'inci ba. A 1513, yana da shekara kusan 70, Sarki Henry na Takwas yana can yana yaƙi a Faransa, sai sarkin Sikotlan James na Huɗu ya ƙetaro iyaka. Tsohon nan ne ya tare shi a Flodden ranar 9 ga Satumba, aka kashe James a fagen fama tare da manyan ƙasarsa da yawa. A 1514 aka mayar masa da sarautar ubansa, aka kuma ƙara masa alama a tambarin gida: rabin zakin Sikotlan da kibiya a bakinsa. Har gobe tana nan a tambarinsu.

Sarkin Gardama:
To ai ga shi Malam ka ba ni makami da hannunka. Mutum ya yi wa wanda ya kashe ubansa hidima shekara ashirin, kai ka kira shi riƙon amana, ni kuwa na kira shi idan kiɗa ya canza rawa ma ta canza. Kuma ka tsaya a kan wanda ya burge ka. Ka ba su labarin ɗansa mana, Duke na Uku, su ji irin gidan da ake yabo.

Malam Tanko:
Ban ɓoye ba, zuwa nake yi. Amma tunda ka ƙagu, bismilla.

Sarkin Gardama:
Na gode Malam. Jama'a, wannan mutumin, shi ma Thomas sunansa, mata biyu daga cikin matan Henry na Takwas guda shida 'ya'yansa ne na jini. Anne Boleyn 'yar ƙanwarsa Elizabeth ce, wato shi kawunta ne. Catherine Howard kuwa 'yar ƙaninsa Edmund ce, shi baffanta ne. Su biyun nan su ne kaɗai aka sare wa kai cikin matan sarkin.

Lokacin da Anne ke tashe ya sha inuwarta, har 'yarsa Mary ta auri ɗan da sarki ya haifa a waje, Henry FitzRoy. Da sarki ya juya wa Anne baya a 1536, wa kuke tsammani ya zauna a kujerar alƙali? Kawun nata. Shi ya shugabanci shari'ar ranar 15 ga Mayu, shi ya karanta hukuncin kisa a kanta da kan ɗan'uwanta George. An ce hawaye na zuba a idonsa, to hawayen me? Ranar 19 ga wata aka sare ta.

Bai daddara ba. Shekara huɗu bayan nan sai ga Catherine, yarinya ɗanya, a ɗakin sarkin da ya haife ta ya yi jika da ita. Ranar da aka ɗaura auren, 28 ga Yulin 1540, ranar aka kashe babban abokin gabar Duke ɗin, Thomas Cromwell. Da asirin yarinyar ya tonu a ƙarshen 1541, aka kwashe matar ubansa da ƙaninsa William aka kulle, shi kuwa ya zauna a gidansa na karkara ya rubuta wa sarki wasiƙar ƙasƙantar da kai yana tsame kansa daga danginsa. Ranar 13 ga Fabrairun 1542 aka sare Catherine. Ko gashin kansa ba a taɓa ba.

Sannan maganar addinin da ake ta yabo. Wannan da ake cewa jigon masu riƙe da tsohon addini, wato Katolika, shi aka tura ya kwantar da boren mutanen arewacin Ingila a 1536, waɗanda suka tashi don an rufe musu gidajen ibada. Ya lallashe su da alkawura suka watse, shekara na zagayowa ya rataye su da dama. Kuma da aka raba filayen gidajen ibadar ya karɓi rabonsa, har da na Thetford inda aka binne ubansa.

Gwaggo Laraba:
Kai, Allah wadai. Ni duk abin da ya fi ci mini rai shi ne baffa ya bar 'yar ƙaninsa a bakin zaki ya tsere. Matarsa fa, ita ta tsira?

Sarkin Gardama:
Gwaggo, ina fa. Elizabeth Stafford sunanta, 'yar Duke na Buckingham. Wasiƙunta suna nan, ta rubuta wa Cromwell tana kukan ya kawo farka, wata Bess Holland, ya wulaƙanta ta, ya tsare ta a wani gida. Ubanta kuma an kashe shi a 1521, kuma surukinta, wannan jarumin Flodden na Malam, shi ya shugabanci shari'ar.

Malam Tanko:
Duk abin da ka faɗa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ka bar mana ƙarshen, kuma a ƙarshen ne ake ganin irin fadar da mutumin yake ciki. A Disamban 1546 aka kama shi da babban ɗansa Henry, mai laƙabin Surrey, wanda yana cikin manyan mawaƙan Ingilishi na zamaninsa. Laifin ɗan? Wai ya sa tambarin tsohon sarki Edward mai taƙawa a cikin tambarinsa, alamar yana hangen gadon sarauta. Cikin waɗanda suka ba da shaida a kansa har da 'yar'uwarsa Mary. Ranar 19 ga Janairun 1547 aka sare shi, bai fi shekara 30 ba. Uban ma an amince da hukuncinsa ranar 27 ga wata. Cikin daren nan, kafin gari ya waye, Sarki Henry ya mutu. Mai sauran shan ruwa a gaba ke nan. Majalisa ba ta so ta buɗe sabon mulki da jini ba, sai aka bar shi a Hasumiya shekara shida, har Sarauniya Mary ta hau a 1553 ta sake shi ta mayar masa da komai. Ya mutu a kan gadonsa a 1554, ya haura 80.

Abin da nake so ka duba, ɗana, shi ne a fadar da zanen tambari ke cin kan mutum, wanda ya ƙi zama alƙalin 'yar ƙanwarsa shi zai bi ta gobe. Ba wanke shi nake yi ba. Mugun mutum ne a gidansa, wannan babu tilas a ciki. Amma a fada, tsoro ya fi mugunta yawa a ayyukansa.

Maman Ikram:
Malam ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Tsoro uzuri ne ga wanda aka jefa cikin wuta, ba ga wanda ya shiga da ƙafarsa har sau biyu ba. Bayan ya ga abin da ya sami ta farko, me ya sa bai ɗauke ta biyun daga idon sarki ba? Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Malam Tanko:
Wannan kam Hajiya kin kama ni. Ba ni da amsa.

Baƙon Sheffield:
Ina ta karatu shiru, amma bari in sa baki tunda na zauna a garin da suka mallaki rabinsa. Lokacin da nake karatu a Sheffield kullum sai na bi ta Arundel Gate da Norfolk Street da Surrey Street da Howard Street da Fitzalan Square, ban san duk sunayen gida ɗaya ba ne sai da wani dattijo maƙwabcina ya faɗa mini. Sheffield kuwa tana arewa, nesa da Norfolk. Ta hanyar aure ta zo musu ita ma: jikan Duke na Huɗu ya auri Alethea Talbot a 1606, ta shigo da filayen. Da garin ya zama cibiyar ƙera ƙarfe, gonaki suka koma masana'antu da unguwanni, kuɗin haya ya riƙa kwarara. Duke na 15, Henry, har magajin garin ya yi a shekarun 1890, kuma da irin wannan arzikin ya sake gina gidansu na Arundel.

Abban Sadiya:
Dakata, Arundel ɗin a Norfolk yake? Kuma shi ne Castle Howard ɗin da ake nunawa a talabijin?

Baƙon Sheffield:
A'a Yaya, biyun duk ba haka ba ne. Arundel yana kudu, a yankin Sussex ta Yamma, kusa da teku. Tsohuwar ganuwa ce da Roger de Montgomery ya fara ginawa a 1067. Castle Howard kuma yana Yorkshire, na wani reshe ne na dangin, zuriyar ƙaramin ɗan Duke na Huɗu. Sunan sarauta a can ba ya nufin kana zaune a garin ko kana mulkinsa. Duke na Norfolk ba ya karɓar haraji a Norfolk, ba ya shari'a, ba shi da dagatai. Suna ne da filaye da matsayi a jerin gwano.

Malam Tanko:
Madalla. Arundel ma aure ne ya kawo shi, kuma wannan ya kai mu ga Duke na Huɗu, ɗan mawaƙin nan da aka kashe. Ya auri Mary FitzAlan, 'yar mai sarautar Arundel. Ta haifi ɗa ɗaya, Philip, a 1557, ta rasu makonni kaɗan bayan haihuwar tana yarinya. Daga ita gidan ya sami ganuwar, daga baya kuma a 1842 suka haɗa sunanta da nasu suka zama Fitzalan-Howard.

Shi Duke na Huɗu a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya shi kaɗai ne Duke a duk Ingila, kuma ya fi kowa arziki. Mata uku ya aura, duka suka rasu. Sai aka zuga shi ya nemi auren Mary sarauniyar Sikotlan, wadda ke tsare a Ingila kuma take da'awar gadon Elizabeth. An ja masa kunne, an kulle shi a 1569, an sake shi, ya sake komawa. A 1571 aka gano sunansa a maƙarƙashiyar wani ɗan kasuwar Italiya, Ridolfi, ta shigo da sojan Sifen. Ranar 2 ga Yunin 1572 aka sare kansa. Daga nan sarautar Duke ta fita daga gidan shekara 88, sai a 1660 Charles na Biyu ya mayar da ita.

Sarkin Gardama:
Kuma ku lura, shi wannan da bakinsa ya ce shi ba ɗan Katolika ba ne, har a kan dandamalin kisa. Motar kwaɗayi ya hau, ba ta addini ba. Mun ƙirga Duke huɗu yanzu, ina mai tsayuwa kan aƙidar?

Malam Tanko:
Ga shi nan tafe, ɗan da yarinyar nan ta bari. Philip ya tashi ɗan gata a fadar Elizabeth, mai almubazzaranci, ya yi watsi da matarsa Anne Dacre. A 1581 ya halarci wata muƙabala da aka yi da wani limamin Katolika fursuna, Edmund Campion, abin ya tsaya masa a rai. A 1584 ya koma Katolika, a lokacin da hakan na iya cin ran mutum. Ya yi yunƙurin barin ƙasar ta ruwa a 1585, aka kama shi aka kai Hasumiya. A 1589 aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ya yi wa jiragen yaƙin Sifen addu'a, amma sarauniya ba ta sa hannu ba, ba a kuma faɗa masa cewa ba za a zartar ba. Shekara goma ya yi a ɗaki yana jiran a zo. Ɗan da matarsa ta haifa bayan kama shi bai taɓa ganin sa ba. Ruwayar da ake bayarwa ita ce da ciwo ya tsananta ya roƙi ganin iyalinsa, aka ce za a bar shi har a mayar masa da dukiyarsa in ya halarci ibadar cocin gwamnati sau ɗaya, ya ƙi. Ya rasu a Oktoban 1595. Rubutun da ya sassaƙa a bangon ɗakinsa yana nan ana nuna wa masu ziyara. Fafaroma Paul na Shida ya sa shi cikin waliyyan cocinsu a 1970.

Akwai kuma jikansa William, mai laƙabin Stafford, tsoho da aka sare a 1680 kan shaidar zur ta wata maƙarƙashiyar da babu ita. To wannan fa, wane kiɗa ya bi?

Sarkin Gardama:
Philip kam na cire masa hula. Mutum ya ƙi ganin ɗansa saboda abin da ya yi imani da shi, ko ba addininmu ɗaya ba na san ba ƙaramin abu ba ne. Amma Malam, mutum biyu ne cikin shekara ɗari biyar. Duke na 7 ya koma cocin gwamnati. Duke na 11 ya koma a 1780 don ya shiga majalisa. Duke na 13 ya koma a 1851. Duk sanda kujera ta yi kira, akwai mai amsawa a gidan.

Ɗan Damagaram:
Ni dai na 11 ɗin nan ne gwanina a labarin. Mashayi ne na ƙarshe, kuma ba ya ƙaunar ruwa a jikinsa, har ana cewa sai ya bugu ya faɗi barorinsa ke samun damar wanke shi. A 1798 a wajen wata liyafa ya ɗaga kofi ya kira talakawa da sunan mai martaba, sarki ya ji haushi ya sauke shi daga muƙamansa. Ku yi ta muhawarar aƙida, ni wannan kaɗai na ga ya yi abin da ransa ke so.

Gwaggo Laraba:
Kai dai ba ka rabo da shiririta. Malam, koma kan tambayar farko, har yanzu ba a amsa wa Abban Sadiya ba.

Malam Tanko:
Gaskiya ne Gwaggo. Amsar ita ce sun daɗe suna riƙe da sunan ba tare da aikin ba. Dokokin shekarun 1670 sun hana ɗan Katolika muƙamin gwamnati da zama a majalisa, sai ya kasance idan Duke ɗan Katolika ne, wakili ake naɗawa daga cocin gwamnati, galibi ɗan dangi, ya yi aikin a madadinsa. A 1824 majalisa ta yi doka ta musamman don Duke na 12 ya riƙe sandarsa da kansa, a 1829 kuma aka ɗage takunkumin ga 'yan Katolika baki ɗaya ya shiga majalisar masu sarauta. Haramcin da ya rage na kan gadon sarki ne kawai, bisa dokar 1701. Saboda haka ɗan Katolika na iya tsara bikin, ba zai dai iya zama ango ba.

Wanda ya fi kowa gogewa a aikin shi ne Duke na 16, Bernard. Ya gaji sarautar a 1917 yana ɗan shekara takwas. Shi ya tsara naɗin George na Shida a 1937, da na Elizabeth a 1953, da jana'izar Winston Churchill a 1965, da naɗin Charles yariman Wales a 1969.

Maman Ikram:
To Bernard ɗin shi ne kakan na yanzu?

Malam Tanko:
A'a Hajiya. 'Ya'ya huɗu ya haifa, duka mata. Da ya rasu a 1975 sai da aka koma can baya kan Duke na 13, kakan mahaifinsa, aka biyo ta ɗansa na biyu, aka sauko kan wani janar na soja, Miles. Shi ya zama na 17, shi ne mahaifin na yanzu. Babbar 'yar Bernard, Anne, wata sarautar Sikotlan ce ta faɗo mata, Herries, don ita wannan mace na iya gadonta. Irin haka ya taɓa faruwa a 1815 da gwanin Ɗan Damagaram ya mutu bai bar ɗan halas ba, aka nemo ɗan'uwa na nesa.

Maman Ikram:
Yanzu kuka zo wajen da nake jira. Ku duba fa: jinin sarauta mace ta kawo, Margaret. Ganuwar Arundel mace ta kawo, Mary. Filayen Sheffield mace ta kawo, Alethea. Kusanci da sarki, 'yan mata biyu aka biya da kawunansu. Amma da aka zo kan 'ya'ya mata huɗu na cikin gida, sai aka ce a nemo namiji ko a ina yake. Su ne fa masu yi mana wa'azin haƙƙin mata. Gidan sarautarsu ma sai a 2013 suka gyara doka mace ta daina komawa bayan ƙaninta, kuma gyaran bai shafi irin su Norfolk ba.

Sarkin Gardama:
Hajiya, a kan dukiya ina tare da ke, a shari'armu 'ya'ya mata huɗu kashi biyu cikin uku za su ɗauka, babu mai hana su. Amma a kan rawani mu yi a hankali da jifa, don mu ma ban ga inda aka naɗa gimbiya hakima don ubanta bai bar namiji ba. Bambancin kawai mu muna da zaɓi cikin 'ya'ya da ƙanne, su kuwa ko babban ɗan ba shi da lafiya shi ne. Wanda aka mayar wa sarautar a 1660 ma mai taɓin hankali ne, yana zaune a Padua ta Italiya, bai sake taka Ingila ba har ya mutu a 1677.

Maman Ikram:
Ban ce mu mun tsira ba. Cewa na yi duk muhawararku ta jarumi ne ko matsoraci, a kan maza kuke yin ta, alhali abin da ya riƙe gidan sadakin da matan suka shigo da shi ne.

Malam Tanko:
Ba zan ja da wannan ba, sai dai in ƙara cewa Anne Dacre, matar Philip, ita ta riƙe yaran cikin talauci bayan an ƙwace komai, ta tarbiyyantar da ɗan da ya sake tada gidan. Ba don ita ba da babu wanda zai auri Alethea.

Baƙon Sheffield:
Tunda an ambaci Mary ta Sikotlan, akwai ragowar labari. Carbin zinaren da ta riƙe ranar da aka kashe ta a 1587 ya ƙare a hannun gidan, aka riƙa nuna shi a Arundel. A watan Mayun 2021 ɓarayi suka fasa cikin dare suka kwashe shi tare da wasu kofunan naɗin sarauta, kayan da aka ƙiyasta sun haura fam miliyan ɗaya. Na je wajen kafin satar, na gan shi a cikin gilashi. Wani abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne cocin da ke jikin ganuwar: gini ɗaya ne, gefe guda na 'yan Angalika, wato cocin gwamnati, ɗaya gefen inda ake binne masu sarautar na Katolika ne, da shinge a tsakani. Har kotu aka je a 1879, ta ce gefen na Duke ne.

Ɗan Damagaram:
Kuma kada a manta, mako guda bayan jana'izar sarauniya kotu ta karɓe lasin tuƙin na yanzu wata shida saboda latsa waya yana tuƙi. Lauyarsa ta ce yana buƙatar mota don shirya naɗin sarki, alƙalai suka ce ya nemi direba. Kakanninsa gatari, shi kuma lasin.

Abban Sadiya:
Haha, Allah ya shirye ka. Na gode ƙwarai Malam, na gode jama'a. Tambaya ɗaya ta rage mini: shi na yanzu yana da ɗa namiji, ko za a sake fita neman ɗan'uwa?

Malam Tanko:
Yana da su har uku. Babban, Henry, an haife shi a 1987, shi ke riƙe da laƙabin Arundel, kuma a ƙuruciyarsa tseren mota ya yi. In rai ya kai, shi zai riƙe wa Yarima William sandar.

Sarkin Gardama:
To sai a gaya masa ya ajiye waya. Malam, ban fa janye ba kan Duke na Uku. Bayan isha zan kawo abin da ya yi wa Cardinal Wolsey, babban limami kuma wazirin Henry na Takwas, mu ga ko shi ma tsoro ne.